Akanta ko Kwamfuta: Yadda Muka Cike Fom a Mafara

A Talata Mafara ta farkon shekarun 2000, yaron da ke shirin gama sakandare bai san ayyukan boko da yawa ba. Ya san malamin makaranta, ya san malamin asibiti, ya san malamin gona da ke yawo da babur a bakin kanal ɗin Bakolori. Sai mutum ɗaya da ya fi su duka cika ido, wato ma'ajin ƙaramar hukuma. Shi ake jira a ƙofar ofis ƙarshen wata, kuma in ya shigo wurin ɗaurin aure har maroƙa sai sun sauya murya. Don haka in ka tambayi ɗan aji shida abin da yake son karantawa, in bai ce likita ba, to akanta zai ce. Bai san abin da akanta ke yi ba, ya dai ga inda akanta ke zama.

Kwamfuta kuwa a shagon buga takardu muka san ta. Ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ba a kunna ta sai an tada janareta, kuma mai shagon ba ya yarda yaro ya matso kusa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma ta ɗan jima kafin ta iso mu, kuma ko da ta iso, layi kawai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. In ka ce wa dattijo kwamfuta za ka karanta a jami'a, abin da zai gani a ransa shi ne shekara huɗu ka ɓata don ka dawo kana buga wa mutane takardar gayyatar biki.

Mu uku muke tafiya tare tun daga aji ɗaya na makarantar kwana: ni ɗan Mafara, sai wani ɗan Bakura, sai wani ɗan Maradun. A 2003 muka gama. Amma in zan faɗi gaskiya, an yanke mana rabin hukuncin tun shekara uku kafin nan, ranar da aka raba mu ajin kimiyya da ajin kasuwanci. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da wannan rabo ke nufi. An duba makin lissafi, an kira sunaye, kowa ya ɗauki bencinsa. Ɗan Maradun ya faɗa kimiyya, mu biyu muka faɗa kasuwanci, har muna murna mun tsira daga fiziks. Sai da littafin kwasa-kwasan JAMB ya zo hannunmu muka ga cewa wanda bai yi fiziks ba, ƙofar kwamfuta a rufe take gare shi, ko da kuwa ya fi kowa sonta.

Wannan littafi ya cancanci a tuna da shi. Kauri gare shi, takardarsa irin ta jarida, rubutun ƙanana har sai ka bi da ɗan yatsa. Tare da fom ake sayar da shi a banki, fom ɗin kuma da fensir ake cike shi, ana duhunta 'yan ramuka ɗaya bayan ɗaya, in ka goge da ƙarfi takardar ta huje ka shiga uku. Wancan lokaci jarrabawar jami'a daban, ta kwalejojin fasaha da na ilimi daban, sai a 2010 aka haɗe su. Muka shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu bayan la'asar, muka buɗe shafin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don Sakkwato ce iyakar inda tunaninmu ke kaiwa, Zariya da Kano sai masu dogon hannu. Akanta: Turanci, lissafi, tattalin arziki, da wani darasi ɗaya. Kwamfuta: Turanci, lissafi, fiziks, da wani ɗaya na kimiyya. Duk inda muka juya lissafi na nan tsaye. Ɗan Bakura, wanda ya tsani lissafi tun firamare, ya rufe littafin ya ce shi fa wannan abu ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Ni kaina ba akanta na fara so ba. Akwai wani kwas mai suna harkar banki da kuɗi, shi ya ɗauke min hankali, saboda na taɓa raka kawuna wani banki a Gusau, na ji sanyin na'ura, na ga samari da laktaye suna ƙirga kuɗi ba su ko kallon hannunsu. Da na kai wa Baba maganar yana zaune yana gyaran igiyar buhunan shanshera. Bai ɗago ba.

"Mi kac ce sunan abin?"

Na maimaita.

"Banki dai? Wurin kuɗin ruwa?"

Sai a tuna wane lokaci ne. A Oktoban 1999 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma a shekarun da suka biyo baya babu masallacin Juma'a a ƙasar Mafara da ba a yi wa'azin riba ba. Kowane yaro ya haddace cewa laifin bai tsaya ga mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da mai rubutawa da masu shaida. Mai rubutawa kuwa shi ne ainihin aikin da nake nema. Kawu, ƙanen Inna, wanda ya yi aikin gwamnati a Sakkwato kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996, shi ya tsaya min. Hujjarsa ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: ai shi kansa gwamnan da ya kawo shari'ar, Ahmad Sani Yariman Bakura, tattalin arziki ya karanta, ya yi aiki a Babban Bankin Najeriya, ya riƙe daraktan kasafin kuɗi a tsohuwar Jihar Sakkwato. Baba ya ce shi bai haifi Yarima ba, ni ya haifa.

Amma Baba ba maƙiyin boko ba ne, kuma lissafi musamman yana da wani matsayi a wurinsa da sai daga baya na gane tushensa. Yana saurayi aka gina madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Ruwan ya ci ƙauyuka da fadamu a ƙasar Maradun, a ƙasa kuma aka karɓe gonakin mutane don a baje su a ja kanal, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Rigimar diyya ce ta kai ga tare hanyoyi, ta kai ga abin da ya faru a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta faɗi nata adadin mamatan, mutanen ƙauyuka suna da nasu, kuma har gobe ba su zo ɗaya ba. Baba ba ya son maganar harbin. Abin da yake maimaitawa shi ne ranar awo.

"Sa'adda anka zo awon gonarmu, mu munka tsaya muna kallon alƙalami. Mutum shi rubuta abin da yag ga dama, kai ka dangwala. Ni dai so nikai gidanga a samu mai karanta lamba."

A nan aka tsaya. Zan karanta akanta, ba banki ba. Zan iya duba littafin kowa, amma ba zan rubuta wa kowa kuɗin ruwa ba. Na duhunta ramukan, Kawu ya kai fom ɗin Gusau.

Ɗan Maradun shi kaɗai ya nemi kwamfuta, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa zama gabanta, don yayansa na da shagon buga takardu. Mahaifiyarsa ta yi ta roƙonsa ya nemi aikin asibiti, ko da malamin jinya ne. Da sunaye suka fito a wata jami'a da ya sa a zaɓi na biyu, sai ya ga an ba shi lissafi zalla. Wannan "an ba shi" kalma ce da duk ɗan jami'ar Najeriya ya sani: kai ka nema, su su ba ka abin da ya rage. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, abokai suna tsokanarsa da malam, don a ganinmu wanda ya karanta lissafi alli ne ƙarshensa. Ba mu san cewa a jami'o'in Arewa da dama a lokacin, har da Zariya da Sakkwato, karatun kwamfuta a ƙarƙashin sashen lissafi yake ba. Darussa da yawa tare suke yi da 'yan kwamfutar. Ya ce min su ma waɗanda aka ba kwas ɗin a takarda suke rubuta manhaja, malami ya duba da jan biro, sai a gama zango ɗalibi bai ga abin da ya rubuta ya motsa a kan allo ba. Abin da ya iya, a shagon intanet ya koye shi, yana sayen awannin dare saboda sun fi araha, yana kwafe darussa a faifai ya tafi da su ɗaki.

Ɗan Bakura bai samu kiredit a lissafi ba. Ya sake zama, ya samu da ƙyar, lokacin kuma mahaifinsa ya gaji da jira. Sai ya shiga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Mafara, wadda aka kafa a 1992 zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim, ya yi difloma a harkar kasuwanci yana zaune gidan gwaggonsa. Mu da muka tafi jami'a, in mun dawo hutu, akwai wani kallo da muke yi masa, shi ma ya san da shi. Ƙasar ce ta koya mana, don ko a aikin gwamnati mai babbar difloma da mai digiri ba a tsayar da su wuri ɗaya.

Ina tsakiyar karatu duniyar banki ta juye. A Yulin 2004 Charles Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 ko ya rufe, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya narke cikin Unity. Sai ga rassa suna tsirowa ko'ina, ana ɗaukar ma'aikata, ana tallar hannun jari har a rediyo. Malaman makaranta a Mafara suka riƙa cin bashi suna saye. A ajinmu kowa banki yake mafarki, waɗanda ke karanta tarihi da Hausa suna cizon yatsa. Ba a jima ba kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, takardun da mutane suka adana a ƙarƙashin katifa suka zama abin kunna wuta. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sallami shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, daga nan kuma aka shiga rage ma'aikata. Duk wannan ya faru tsakanin ranar da muka cike fom da ranar da muka karɓi sakamako, yajin aikin malaman jami'a na 2007 ma ya ƙara mana tsawon zaman.

Bautar ƙasa ce ta kai ni cikin banki, a wani gari na kudu maso yamma. Da na gaya wa Baba sai ya ce tunda ba ni na kai kaina ba, in yi shekarata in fito. A can na ga abin da ba wanda ya gaya mana a zaure. Wadda ke kusa da ni a kanta kemistiri ta karanta. Mai kula da asusun manyan 'yan kasuwa ilimin ƙasa ya yi. Manajan reshen injiniya ne. Banki ba ya tambayar kwas ɗinka sosai, yana tambayar darajar digirinka, da shekarunka, da ko za ka ci jarrabawarsa, wadda rabinta lissafin sauri ne. Shekarun ma su ne mugun tarko, don galibi ba sa son wanda ya haura ashirin da shida ko da bakwai, yaron ƙauye kuwa da ya shiga firamare a makare, ya sake jarrabawa, ya sha yajin aiki, kafin ya fito ya riga ya tsufa a idonsu. Yawancin samarin masu laktaye kuma ma'aikatan kwantiragi ne, an ɗora wa kowa adadin kuɗin da zai kawo a wata, in bai kawo ba a kira shi gaban kowa a wanke shi tas. Shekaru bayan haka, da Dauda Lawal ya fito takarar gwamna aka riƙa karanta tarihinsa, sai na ji cewa mutumin da ya kai babban darakta a First Bank kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya. Na yi dariya ni kaɗai.

Akanta daban take. Ita digiri somin-taɓi ne, sai ka bi ta jarrabawar ƙwararru, ko ta ICAN ko ta ANAN mai kwaleji a kusa da Jos, kafin sa hannunka ya zama abin da hukumar haraji za ta karɓa. Wannan ma ba mu sani ba sai a aji uku. Na bi wannan hanya a hankali, ina aiki da wani ofishin binciken kuɗi a Kaduna, daga baya na dawo gida ina riƙe wa masu injinan casar shinkafa da 'yan kwangila littattafansu. Ba ni da gida irin na ma'aji. Amma an taɓa kawo wa Baba takardar bashin taki ta ƙungiyar manoma, na zauna na bi ta layi-layi, na nuna masa inda aka ninka masa buhu biyu. Ranar bai ce komai ba, sai da dare na ji yana ba Inna labari, yana ƙara gishiri.

Maganar riba kuwa lokaci ne ya sassauta ta. A Janairun 2012 bankin Jaiz ya buɗe a Abuja da Kaduna da Kano, ba ruwa a cikin harkarsa, daga baya TAJ da Lotus suka biyo. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero ta buɗe cibiya sukutum ta nazarin bankin Musulunci. Yaron da ke zaune a zaure yau yana da amsar da zai ba mahaifinsa wadda ni ba ni da ita. Da na yi wa Baba bayanin yadda ake saye a sayar maka da riba sananniya maimakon a ba ka bashi da ruwa, ya daɗe yana jujjuya maganar, sannan ya ce, "Ashe ana iyawa."

Ɗan Maradun ya yi koyarwar da muka yi masa baki, na ɗan lokaci. Sai ayyuka suka fara nemansa ɗaya bayan ɗaya. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya, kowace cibiya na neman wanda zai haɗa mata na'urori ɗaruruwa su yi aiki tare. A 2014 aka kawo BVN, daga baya aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa. Ya koma rubuta manhaja sosai, har wani kamfanin biyan kuɗi na Legas ya ɗauke shi yana aiki daga gida. Ya ce min abin da ya raba shi da sauran masu nema shi ne lissafin nan da aka ba shi yana kuka, domin harshen manhaja kowa na iya koya a wata shida, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ba a koyonsa a gaggauce. Na yarda da shi. Da za a mayar da ni zauren nan da abin da na sani yau, shafin lissafi da ƙididdiga da muke tsallakewa shi zan fi daɗewa a kai.

Sai dai aikin da ke tafiya a kan sabis yana da nasa rauni, kuma mu a Zamfara mun gan shi da idonmu. Ranar 1 ga Satumban 2021 aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, makonni kaɗan bayan an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Cikin kwanaki aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ga kasuwannin mako a rufe. Mutumin da ke karɓar albashi daga Legas yana zaune a ɗakinsa ya wayi gari ba ya iya aika ko gaisuwa. Ya tattara ya koma cikin garin Sakkwato, ya kama ɗaki, kuma bai sake dawowa da zama ba. Mu masu littafi da biro mun ci gaba da aiki, sai dai babu cinikin da za a rubuta.

Wanda ya ba mu mamaki shi ne ɗan Bakura. Bai samu aikin gwamnati ba, ya yi sayar da katin waya, ya yi cajin waya da janareta, sannan ya sayi na'urar POS guda ɗaya ya kafa lema a bakin kasuwa. Kafin canjin kuɗi na farkon 2023 yana da yara a Mafara da Bakura da ƙauyukan bakin kanal, kowa da na'urarsa. Na je wurinsa wata Talata a tsakiyar wahalar takardun kuɗin nan. Dillalin shinkafa na tsaye, manomi na tsaye da buhunansa a kan amalanke, ya rantse ba zai sauke ba sai ya ga kuɗi a hannu. Dillali ya ce ya tura. Manomi ba shi da asusu, ba shi da waya mai alat. Abokina ya karɓi tiransifa ɗin a nasa asusun, ya juya allon wayar ya nuna wa ɗan manomin lambobin, ya ba su rabi a hannu daga tsofaffin takardun da ya samo wurin masu gidan mai, sauran ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, manomin ya dangwala, za a karɓa Talata mai zuwa. Duk cikin hayaniya, ana ta "ya shiga?", "bai shiga ba", "sabis ne". Mutumin da ya rufe littafin JAMB saboda lissafi, yanzu yana riƙe da lissafin mutum ɗari a ka, kuma shi ne bankin da rabin kasuwar ta sani. Harkar kuɗin da na nema da fasahar da ɗan Maradun ya nema, ga su sun haɗu a ƙarƙashin lemarsa. Ni nake duba masa littafi ƙarshen wata, kuma yana biyana a kan kari.

Bana ɗiyar ƙanwata ce ke cike fom, a cibiyar da JAMB ta amince da ita, da hoton yatsa. Tana da kai, ta ci lissafi da fiziks, tana son kwamfuta. Ta zo ta same ni da tambayoyin da suka fi namu hankali: wane kwas ne ake samun aiki daga gida, ko gaskiya ne manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira za su cinye aikin akanta da na masu rubuta manhaja. Na gaya mata abin da na gani, na haɗa ta da ɗan Maradun a waya suka daɗe suna magana. Zaɓi ma ya fi namu yawa, don akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga ta jiha a nan Mafara tun 2018. Amma mahaifinta bai tambayi sunan kwas ba, bai tambayi riba ba. Tun abin da ya faru da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, a cikin ƙaramar hukumarmu, ya yi alkawarin ɗiyarsa ba za ta kwana a makaranta ba, kuma ba za ta riƙa bin hanyar Gusau ko ta Sakkwato kowane hutu ba. Ya ce ta duba abin da ake koyarwa a Mafara ta zaɓa a ciki, inda za ta je da safe ta dawo kafin magariba. Ita kuma Zariya take so. Inna ta goyi bayan surukinta, Kawu, da tsufansa, ya goyi bayan yarinyar, kuma an ce ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a gidanmu.